Fitilun shagon ɗinkin Yaya, kafin azumi ya kama

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Toh bismillah. Zan riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya saboda ni akwai mantuwa, kuma kuɗin ba nawa ba ne na Yaya ne, ranar da ya ce in kawo lissafi ba na son in tsaya ina susar ƙeya.

Yaya tela ne, shagonsa na Unguwar Sanusi a Kaduna, kekuna uku da teburin guga. Duk wanda ya san teloli ya san da azumi ba su da barci, ana idar da asham a koma kan keke har sahur. Bara a goman ƙarshe da aka ɗauke wuta da idona na ga yaronsa ya cusa waya a baki yana haska allura yana neman ramin zare, janareta kuma ba kullum ake tada shi ba don kuɗin mai. Bana ya samu batir 12V mai 18Ah da ɗan fanel na sola, wani ne ya biya shi bashin ɗinki da su, sai ya ce tunda ni ne injiniyan gidan in haɗa masa fitilu. Injiniyan nan fa fanka ɗaya ya taɓa gyarawa a rayuwarsa. Abu biyu yake so, farin haske a saman kowane keke, da allo a ƙofar shago da zai rubuta ƊINKI da jajayen ƙwayayen LED. Ana sa ran azumi farkon Maris, kenan sati bakwai gare ni.

Ya ba ni 30,000 na shiga babbar kasuwa, ta Sheikh Gumi. Na ce wa mai shago a ba ni led, ya miƙo min nadin dalma, ashe su a bakinsu dalmar liƙi ita ce led, sai da na ce ƙwan fitila nake nufi muka yi dariya, ya ce ai dai ita ma za ka buƙace ta. Soldarin ayon, wato ƙarfen narka dalma, mai 60W 3,500, jajayen LED masu 5mm guda 150 4,500, rizista masu rage ƙarfin wuta guda 50 1,000, dalma 2,500, waya ja da baƙa 2,000, farin LED mai tef mita 5 6,000, napep 600. Duka 20,100. Ya nuna min wani ɗan gwangwani ya ce in haɗa da fulaks, na ce na mene, ya ce na liƙi, na ce ba ga dalma na saya ba. Na ɗauka ciniki kawai yake son ƙarawa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau lissafi kawai na yi a takarda. Jan LED yana cin wajen 2V, kuma ba a so a wuce masa 20mA. Da farko na so in jera biyar-biyar, sai na aro mitar awon wuta wajen maƙwabci na auna batir, a cike 12.7 ne, amma da rana in sola na caji yana haurawa har 14.4, toh dole lissafi ya ɗauki wancan. Na tsaya a huɗu-huɗu, wato 8V, da rizista mai ohm 330 a kowane layi, mai zoben ruwan lemo biyu da ruwan ƙasa. Da dare kowane layi zai ja wajen 14mA, in ma an manta an bar shi a kunne da rana bai kai 20 ba.

Ɗ 32, I 16, N 32, K 24, I 16, ƙwai 120 kenan, layi 30. Kowane layi liƙi shida, jimla 180. Yaya ya ce a yi D kawai a huta, na ce a'a, lanƙwasar nan sai ta fito ko ƙwai nawa za ta ci, ba za a ce shagonmu na dinki ba.

Doguwar ƙafa ita ce fulos, gajeriyar ita ce mainos, kuma gefen gajeriyar in ka shafa bakin ƙwan za ka ji an ɗan shafe shi ba zagaye ba. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin batir mai kama da kwabo na 3V, biyu matattu ne tun daga leda.

Talata, 14 ga Janairu

Kai, yau na sha haushi. Wuta ta zo bayan la'asar na jona ayon, na narka dalma a bakinsa, hayaƙi ya tashi, na ɗauko ɗigon na kai kan ƙafar LED da waya. Ƙememe ta ƙi kamawa. Sai ta dunƙule ta gangare ƙasa kamar ruwa a kan ganyen gwaza. Inda ta zauna ɗin ma ba sheƙi, ta yi toka-toka da ƙuraje kamar tuwon da bai tuƙu ba. Na yi liƙi takwas, na ɗan ja da hannu biyar suka cire. Da na ga haka sai na riƙa daɗewa da ayon a kan ƙafar wai ko zafi ne bai isa ba, na kashe ƙwai huɗu, ɗaya har robarsa ta yi laushi ƙafar ta juya a ciki. Ga ƙuna a ɗan yatsa.

Na zagi dalmar na ce jabu ce, na zagi ayon, na ce wutar ce ba ƙarfi. Umma na daga tsakar gida ta ce, Auta in abin ya fi ƙarfinka ka mayar wa yayanka kuɗinsa tun da sauran mutunci.

Laraba, 15 ga Janairu

Ba wuta tun safe. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je Panteka ɗauko firam ɗin allo, ƙarfe ne da fuskar baƙar roba, an huda min ramuka 120 daidai zanen da na kai, 7,000. Wajen nan in ka shiga sai ka raina kanka, mutum na zaune a ƙasa da guduma yana fitar da abin da za ka rantse daga waje aka kawo.

Ina jira sai na hango wani dattijo mai gyaran radiyeta yana liƙi, dalma na bin ƙarfe tana malala kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Na matsa na gaishe shi na ce Baba don Allah me kake shafawa kafin ka sa dalma. Ya nuna wata kwalba da ruwa a ciki da ɗan tsinke mai tsumma a baki, ya ce sinadari kenan yaro, ba shi ba liƙi. Ya ce wannan kalma da kuke ji 'yan boko na ta faɗa a rediyo, sinadarin kaza sinadarin kaza, asalinta tamu ce masu liƙin kwano da buta, tun iyayenmu abin da ake sa wa ƙarfe ya karɓi dalma shi ake kira haka. Wallahi ban taɓa sani ba.

Ya ce ƙarfe ko ka ga yana ƙyalli akwai wata siririyar tsatsa a kansa da iska ke yi masa, in ka ɗora wuta ma ƙaruwa take yi, dalma kuma ba ta zama a kan tsatsa. Sinadari ne ke cinye ta ya bar ƙarfe tsirara. Na ce ya sammin, ya tsiyaya min a robar magani na ba shi 500. Ya dai ce, wannan na radiyeta ne fa, yana da ci. Na ce ba komai Baba. Bai tambaye ni me zan liƙa ba, ni ma ban faɗa ba.

Da na dawo na ɗiga a kan waya na sa ayon, ya yi cuuu, dalma ta kwanta luf tana sheƙi. Na yi ihu har Umma ta leƙo. Da napep 400, saura 2,000 a hannuna.

Litinin, 20 ga Janairu

Layi huɗu na Ɗ. Ruwan Baba na aiki, sai dai hayaƙinsa na yaji a hanci.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na gama Ɗ da I na farko, ƙwai 48, liƙi 72. Na jona a batir duk suka kama, lanƙwasar Ɗ ta fito ɗas. Na kai shago don Yaya ya ga kuɗinsa na aiki, ya ce a bar shi nan, muka rataye a bango saman teburin guga har in samu lokaci in ci gaba. Yaransa na ta tsokana wai shagon ƊI.

Wani abu da na lura, bakin ayon ya fara yin rami a gefe kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Na goge da samfefa na ci gaba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Biki a Rigasa, ba aiki. Sanyin nan da hazo sun yi yawa, in na cire rigar sanyi har tartsatsi take yi a duhu. An ce farin LED ba ya son irin wannan wutar ta jiki, don haka in na zo kan tef ɗin zan riƙa taɓa ƙofar ƙarfe kafin in kama shi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Inna lillahi. Yaya ya kira ya ce allonka na ƙifta ido. Na je na sauke na juya bayansa, sai da gabana ya faɗi. Duk liƙin da nake alfahari da su sun yi kore da wani farin gari kamar gishiri, ƙafafun LED sun yi tsatsa ja, na taɓa wata waya da yatsa kawai ta gutsure. Na fere robar wayar don in ga iya inda abin ya kai, ya shiga ciki ya fi tsawon gaɓar yatsa, silin wayar sun koma gari. Kwana 12 kacal. Kuma wurin da muka rataye shi ne mafi muni a shagon, kullum ana fesa ruwa ana guga tururi na tashi yana dukansa.

Na naɗe shi a buhu na tafi wajen wani abokina da muka yi sakandare tare, yana gyaran wayar salula a bakin Ahmadu Bello Way. Yana gani ya sa dariya har da riƙe ciki, ya ce mutumina asid ka zuba wa abin nan? Na ba shi labarin Baba. Ya ce Baba bai cuce ka ba, ai ya faɗa maka yana da ci. Irin wannan ruwan da asid da zin, wato tutiya, ake haɗa shi, a radiyeta ko bututu in an gama liƙi wanke shi ake yi da ruwa sosai, ƙarfen kuma mai kauri ne. A waya kuwa tsotse shi take yi ya shige ƙarƙashin roba inda ba mai iya wankewa, ga shi yana jawo laima daga iska, sai ya zauna yana cin ƙarfe dare da rana. Garin neman gira na rasa ido kenan.

Ya ɗauko ɗan gwangwani irin wanda mai shago ya nuna min ranar farko, sak. Fulaks ɗin nan ne, sinadarin masu aikin lantarki, su fes suke ce masa. Ya ce na rozin ne, wato ƙaron itacen fayin, in yana sanyi ba ya cin komai, sai ya ji zafi yake narkewa ya cinye tsatsar nan ya kuma rufe wurin kada iska ta sake taɓawa kafin dalma ta kwanta, in ya huce ya koma lafiyayye. Sannan ya yanki dalmata da reza ya ce duba tsakiya. Ashe akwai ɗan rami da wani abu ruwan zuma a ciki, fulaks ne aka cusa tun daga kamfani. Ya ce hayaƙin da kake gani in ka narka dalma a bakin ayon, ba dalma ce ke ƙonewa ba, fulaks ɗinka ne ke tafiya, kafin ka kai ɗigon kan waya ya ƙare, busasshiyar dalma kake kaiwa. Wato tun 14 ga Janairu dalmata lafiya lau take, hannuna ne matsalar.

Bai tsaya nan ba, ya kankare wayata da wuƙa, jan ya tafi fari ya fito. Ya kunna mata laita silin suka lanƙwashe suka zube. Alminiyam ce aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ya ce ko da fes mai kyau wannan wahala za ta ba ka, da ka ɗan kankare ta ko ka daɗe da wuta ka kai ga alminiyam, ita kuma dalmar nan ba ta kama ta. Araha ba ta ado.

Na ce a iya ceto ƙwayayen 48? Ya ce zuba su a shara, da ayon ɗin ma in za ka ji shawara.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Faɗa wa Yaya ya fi komai wuya. Ya yi shiru yana ta taka keke, can ya ce, Auta nawa kuma. Na ce Yaya 10,000 za ta yi in Allah ya so, sauran ni zan cika. Ya ciro ya ba ni bai ƙara magana ba, wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Ayon mai maɓallin saita zafi 9,000, fes na rozin 1,500, waya ta jan ƙarfe zalla 3,500 kuma sai da na kankare ta a gaban mai shago, ƙarin LED 50 1,500, sifirit a kemis 800. 16,300. Na cika 4,300 daga aljihuna. Mai shagon ya gane ni, da na ce a ba ni gwangwanin nan murmushi kawai ya yi.

Fuskar allon na wanke ta da ruwan kanwa tunda kanwa na kashe tsami, na ɗauraye na shanya. Robar ruwan Baba na ajiye can saman katanga inda yara ba sa kaiwa, zan mayar masa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan masallaci na zauna na yi atisaye a kan guntayen waya kafin in taɓa LED ko ɗaya. Ga yadda abokina ya koya min kuma ya yi aiki.

Dalmar 60/40 ce, kuza 60 dalma 40, tana fara narkewa a zafin digiri 183, kafin 190 ta zama ruwa. Na sa ayon a 340. Na fere waya kaɗan, na murɗa silin, na dangwala bakinta a fes, ɗan kaɗan kamar yadda ake dangwalar yaji. Na ɗora ayon a ƙarƙashin wayar, dalma kuma a samanta, ba a kan ayon ba. Wayar ce da kanta ke narka dalmar, sai ka ga ta tsotse ta tsakanin sili ta koma fara. Haka ma ƙafar LED, a shafa fes da tsinken sakace, a yi mata riga ta dalma. In kowanne ya sa rigarsa sai a haɗa su, a ƙara ɗigon fes, a taɓa ayon, ɗaya biyu uku a ɗauke. Kada a motsa kada a hura har ta daskare. Liƙi mai kyau yana sheƙi kuma yana kwanciya a jikin ƙafar kamar an ja shi, ba ya yin ƙwallo.

Abin da ya ban mamaki, fes ɗin ne ma ke ceton LED daga ƙonewa. Da can ina daɗewa ne saboda dalma ta ƙi kamawa, zafi na bin ƙafa yana hawa cikin ƙwan. Yanzu daƙiƙa uku an gama. Duk da haka ina barin tazara, ba na liƙi dab da gindin ƙwan, kuma ina kama ƙafar da filaya tsakanin liƙin da ƙwan don ta sha zafin.

Bakin ayon kuma ba a goge shi da samfefa ashe, akwai rufi a kansa, in ka kankare shi ya tafi kenan. Soso mai laima ake shafawa, in za a ajiye a bar masa ɗan dalma a baki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ɗ ta dawo, layi 8. Na ja kowane liƙi da filaya, ba wanda ya motsa.

Talata, 11 ga Fabrairu

I da rabin N. Jiya na kwana ina tari saboda a ɗaki nake aiki ƙofa a rufe don sanyi, kaina a sunkuye hayaƙi na shiga hanci kai tsaye. Ƙamshinsa ba laifi, kamar turaren wuta, shi ya sa mutum ke sakewa, amma hayaƙin rozin na iya jawo wa mutum asma in ya daɗe yana shaƙa. Umma ta kore ni zaure, na sa ƙaramar fanka mai caji a gefe tana kore hayaƙin, ba ta fuskantar liƙin ba don kar ta sanyaya shi.

Ta kuma hana ni cin ƙosai ina aiki, kuma tana da gaskiya, dalma guba ce, ga 'ya'yan Yaya na zuwa suna tsintar ɗigon da ya zuba wai azurfa. Yanzu jarida nake shimfiɗawa in naɗe in zubar, in wanke hannu da sabulu. Da ta ji na ce fes ƙaro ne sai ta ce ai tana da ƙaro a kwalla da na tambaya, na ce Umma ba irin na tawada ba ne.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

N ta ƙare. Ba wuta da rana, sai 11 na dare aka kawo, na yi har 1.

Asabar, 15 ga Fabrairu

K da I na ƙarshe. Liƙi 180 cif. Na jona, layi 28 suka kama, biyu shiru. Na farko a ƙafar K, na bi da mita na tarar na juya ƙwai ɗaya, don na riga na yanke ƙafafun daidai da juna ban duba shafaffen gefen ba, kuma a jere suke, ɗaya ya juya huɗun duka sun mutu. Na biyun a N, liƙi ne mai kyan gani daga sama amma ƙafar rizista ba ta kama ba, su rizistocin tsofaffin kaya ne ƙafafunsu sun dushe. Ban ƙara dalma ba, fes kawai na shafa na sake taɓa ayon, ta narke ta kwanta. Wannan dabarar ta fi komai burge ni, tsohon liƙi da ya ƙi, ɗigon fes ke tada shi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na bar allon a zaure kwana biyu ban goge ba, na zo na tarar ƙurar hunturu ta manne a duk inda fes ya taɓa, bayan allon ya koma kamar an barbaɗa garin ƙuli. Rozin ba ya cin ƙarfe amma yana da danƙo, kuma ni na yi ta zuba shi kamar ba kuɗi na saya ba. Tsohon buroshin haƙori da sifirit, a goge a dangwale da tsumma tun bai bushe ba, in ka bari ya bushe da kansa sai ya bar farin tabo, dattin ya bazu kawai. Awa biyu ya ci min. Darasi dai, kaɗan ya isa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na koma kan farin tef. Ana yanka shi ne duk bayan ƙwai uku, santimita 5 kenan, akwai layi da hoton almakashi a tsakiyar tabon jan ƙarfe. Mita ɗaya-ɗaya na yanka guda uku. Nawa mai rufin roba ne don ruwa, sai an fere robar a hankali da reza kafin a kai ga tabon, kuma ko an kai akwai saura-saura da ke hana dalma zama.

A na farko na yi gaggawa, ban kankare da kyau ba, dalma ta ƙi, na danna ayon na daɗe, tabon ya ɗago gaba ɗaya ya biyo bakin ayon. Tabon nan siriri ne kamar takardar sigari, gam ne kawai ke riƙe da shi. Na yanke santimita 5 na sake. Sau biyu haka ta faru. A na uku na kankare har ya yi ƙyalli, na goge da sifirit, fes, ɗan tudun dalma a kowane tabo, waya mai riga, taɓawa ɗaya. Tabon fulos da na mainos kusa suke da juna, sai na auna da mita in tabbatar dalma ba ta yi gada ba kafin in kai wa batir.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Fiyus 3A da gidansa 700, makunni biyu 1,000, robar nan mai tsukewa in ta ji zafi 1,000. Duk abin da aka kashe 47,000, na Yaya 40,000 nawa 7,000. In ka cire ɓarnar asid da wayar bogi da ayon na farko, da bai kai haka ba.

Na biya Panteka na mayar wa Baba robarsa. Na ba shi labari, ya girgiza kai ya ce, yaro da ka ce min wayar lantarki ce ai da ban ba ka ba. Ya ƙi karɓa sai da ya mayar min da 500 ɗina, na ƙi, ya ce to sayi lemo ka sha a madadina.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An ɗaura. Tef uku a jikin katako saman kekuna, allo a waje ƙarƙashin rumfa, nesa da teburin guga wannan karon. Fiyus dab da kan batir. Na auna, allo 0.42A, tef uku 1.2A, duka wajen 1.6. In ba a so a kashe batir ɗin da wuri rabinsa za a riƙa ci, 9Ah, awa biyar da rabi kenan. Na ce wa Yaya in dare ya raba a kashe allo a bar na kekuna, ba mai neman tela ƙarfe biyun dare sai wanda aka riƙe wa kaya.

Bayan magariba aka kunna, ƊINKI ja wur ana hangowa tun daga bakin layi. Yaya ya fito ya tsaya ya kalla ya ce, ashe lanƙwasar ta yi kyau.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

Mun tashi da azumi. Ban je shago ba.

Talata, 4 ga Maris

Na je bayan asham, ba wuta a layin gaba ɗaya, kekuna uku na ta aiki. Na sauke allon na duba baya da tocila, liƙi na nan na sheƙi ba kore ko ɗaya. Tef ɗin keken tsakiya gam ɗinsa ya fara saki a gefe don zafi, na ɗaure da zare kafin in samo ƙananan kilif. Batir ya kai su har 2 da rabi jiya in ji yaron shago, amma da safe na auna 11.9, ya yi ƙasa da yawa, fanel ɗin ya yi ƙura sosai dole a riƙa goge shi kullum.

Saura bayan allon, a buɗe yake, kafin ruwan farko ya sauka sai na rufe shi da roba na bi gefen da silikon, in bar 'yar ƙofa a ƙasa don laima ta fita. Mai aski na kusa da su ya ce shi ma yana son ASKI da shuɗi. Shuɗi na cin wajen 3V, kenan uku-uku zan jera ba huɗu ba, rizista ma sai an sake lissafi. Na ce masa sai bayan salla, kuma kuɗin fes da sifirit na cikin farashi.